Yadda Ake Sauya Sitatar MGB da Ta Zamani Mai Giyar Rage Gudu

Motar MGB, wadda aka ƙera a garin Abingdon na Ingila daga 1962 zuwa 1980, ta fito ne da sitatar kamfanin Lucas. Sitata ce mai nauyi, mai jan wuta da yawa, kuma idan ta tsufa takan juya inji da ƙyar, musamman da sanyin safiya ko bayan inji ya yi zafi sosai. Shi ya sa masu wannan mota da yawa suke komawa ga ƙaramar sitata ta zamani mai giyar rage gudu a cikinta, wadda akasari aka gina a kan tsarin kamfanin Denso na Japan, aka yi mata fuskar ɗauri da ta dace da injin MGB. Sauyin yana da amfani, kuma aikin yini ɗaya ne ga mai kayan aiki. Sai dai sabuwar sitata ba ta gyara ruɓaɓɓiyar waya, ba ta kuma gyara haƙoran da suka cinye a jikin filawil, wato babban faifan ƙarfe na bayan inji da sitata take juyawa. Wanda ya tsallake awo ya tafi kai tsaye ga saye, sau da yawa yakan ɗaura sabuwa ya tarar da matsalarsa tana nan yadda ya bar ta.

Bambancin yana cikin yadda suke juya inji. Tsohuwar Lucas tana juya ɗan giyanta, wato ƙaramin giyan bakinta da ke kama haƙoran filawil, kai tsaye daga sandar moto, don haka dole moton ya zama babba kafin ya iya motsa inji mai girman cc 1798. A sabuwar, ƙaramin moto ne yake gudu da sauri, sai giyoyi su rage gudun kamar ninki 3 zuwa 4 su mayar da shi ƙarfin murɗawa, kamar yadda babbar mota mai kaya take hawa tudu da giya ta ɗaya. Nauyinta bai wuce kusan rabin na tsohuwar ba, tana jan wuta kaɗan, kuma wutar da ta rage a batir tana zuwa ga kwayil, fulogi ya samu tartsatsi mai ƙarfi a daidai lokacin da ake buƙatarsa.

Fara da mita, ba da sifana ba

Ka samu mitar auna wuta da mutum ɗaya da zai riƙa murɗa maka makulli. Cire siririyar wayar da ke shiga kwayil ka naɗe bakinta, don inji ya juya ba tare da ya tashi ba. Batir mai cikakken caji yana nuna volt 12.6 idan mota ta huta. Lokacin da ake murɗa makulli bai kamata ya faɗi ƙasa da kusan volt 10 ba. Idan ya gangara zuwa 9 ko ƙasa, batir ne ya gaji, ko kuma sitata tana jan wuta fiye da kima saboda bushin ɗinta sun cinye har cikinta yana gogar jiki.

Daga nan sai awon da ya fi kowanne muhimmanci a wannan mota. Batirin MGB ba ya gaba kusa da inji, yana bayan kujeru ne a ƙarƙashin wani murfi, kuma babbar wayarsa tana bin ƙarƙashin mota har zuwa gaba. Motocin da aka ƙera kafin ƙarshen 1974 ma batir biyu ne da su, kowane mai volt 6, da wata waya da ta haɗa su. Ke nan kawuna 4 ne za su iya yin tsatsa maimakon 2. Ka ƙara wa mitarka doguwar waya, ka ɗora baki ɗaya a kan gubar kan batir ɗin da babbar wayar take fitowa daga shi, ɗayan kuma a kan babban bol ɗin sitata, a murɗa makulli. Abin da mita ta nuna shi ne wutar da ke ɓacewa a hanya, kuma kada ya wuce volt 0.5. Maimaita haka a ɓangaren at, wato hanyar da wuta take komawa batir ta bodi, daga ɗaya kan batir ɗin zuwa jikin sitata. Nan kada ya wuce 0.3. Idan ya wuce, ka riƙa matso da bakin mitar daga mahaɗa zuwa mahaɗa har ka gano inda wutar take maƙalewa.

Wuraren da aka fi kamawa sanannu ne. Akwai tsofaffin kawunan batir na Lucas masu kama da hula, waɗanda sukuru guda yake riƙewa daga sama. Da shekaru sukan buɗe su daina kama gubar, kuma maganinsu a yanke a sa masu matsewa da bol. Akwai inda wayar at ta batir take ɗaure a bodi, wurin da danshi yake taruwa. Sannan akwai saƙaƙƙiyar wayar da ta haɗa inji da bodi, wadda take ko dai a ƙafar inji ko a ƙafar akwatin giya, gwargwadon shekarar mota. Inji yana zaune ne a kan roba, don haka idan wannan waya ta tsinke ko an manta da ita bayan an sauke inji, wutar sitata takan nemi hanya ta wayar cok ko ta totur. Idan ka taɓa wayar cok ka ji ta da ɗumi bayan an juya inji, ka samu amsarka. Gyara waɗannan kafin komai. Idan babbar wayar ta yi kore a ciki ko ta sandare, sauya ta da mai kaurin murabba'in milimita 35, domin doguwar tafiya take yi.

Wace MGB ce a hannunka

Nan ne ake asarar kuɗi. Sitata iri biyu ce a MGB, kuma ba sa maye gurbin juna. Motocin 1962 zuwa 1967 suna da Lucas M418G, wadda ba ta da solenoyid a jikinta, wato makunnin da ke sakar wa sitata babbar wuta idan an murɗa makulli. Solenoyid ɗinta yana ɗaure daban a jikin bodi, kuma gudun sandar ne yake wurga ɗan giyan a kan zare ya shiga haƙoran filawil. Daga samfurin 1968, lokacin da aka kawo sabon akwatin giya, aka koma ga sitata mai solenoyid a bayanta, wadda take tura ɗan giyan ya shiga haƙora tukuna kafin moto ya fara juyawa. Filawil ɗin ya bambanta, zoben haƙoransa ya bambanta, farantin bayan inji ma ya bambanta.

Kada ka dogara da shekarar da ke cikin takarda. Motar da ta haura shekara 40 tana iya ɗauke da injin wata shekara da akwatin giyar wata. Ka duba lambar inji: 18G, 18GA da 18GB na tsohon tsari ne, 18GD zuwa sama da kuma 18V na sabon tsari. Amma abin da ya fi tabbas shi ne ka cire tsohuwar sitatar ka ƙirga haƙoran ɗan giyanta, ka auna faɗinsa, ka kuma auna tazarar ramukan bol biyu. Da waɗannan lambobi za ka yi magana da mai sayarwa.

Akwai wata tambaya da masu tsofaffin motocin za su yi. MGB ta kafin ƙarshen 1967 ta fito ne da kan batir mai alamar + a haɗe da bodi, akasin motocin yau. An juya da yawa daga cikinsu, amma ba duka ba. Sitatar da maganaɗisunta na naɗin waya ne tana juyawa gefe ɗaya ko ta yaya aka haɗa batir. Wadda ke da maganaɗisu na dindindin kuwa, idan aka juya mata wuta baya za ta juya, kuma ba za ta motsa inji ba. Ka leƙa batirinka ka ga wane kai ne yake zuwa bodi, ka gaya wa mai sayarwa.

Game da ƙarfi, mai kilowat 1.0 ta wadatar da injin da ba a taɓa shi ba. Mai kilowat 1.4 ta fi tsawo, kuma ba a buƙatarta sai an ƙara wa inji matsi.

Cire tsohuwar

Kayan wannan mota na inci ne, ba na milimita ba. Bol biyun da ke riƙe da sitata suna son sifana mai inci 9/16, kuma idan ka tilasta musu lamba 14 ko 15 za ka cinye kawunansu. Ka tanadi soket da dogon hannu, jak, ƙafafun ƙarfe biyu na tokare mota, burushin ƙarfe, tocila, da ma'aunin zurfi.

Cire kan batir da ke zuwa bodi tukuna, ko wanne ne a motarka. Wannan ba abin sakaci ba ne: babbar wayar sitata ba ta da fiyus, kuma idan sifana ta haɗa ta da bodi za ta yi ja nan take. Ɗaga gaban motar ka tokare ta a kan ƙafafun ƙarfe. Kada ka shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai yake riƙe da ita.

Sitatar tana gefen dama na inji, can ƙasa, ƙarƙashin distiributa da filtar baƙin mai. Ɗauki hoton wayoyin da wayarka ta hannu kafin ka taɓa su, ka ɗaura wa kowace alama. Bol na ƙasa ana samunsa daga ƙarƙashi, na sama kuma daga cikin bonet. A wasu motocin sitatar takan fito ta ƙasa idan aka kwance ƙaramin silindan kuloci aka matsar da shi gefe ba tare da an cire masa tiyo ba. A wasu sai an cire distiributa, wani lokaci har da filta, a fito da ita ta sama. Idan za ka cire distiributa, kwance bol biyun da ke riƙe farantinta a jikin inji, ka bar bol ɗin da ya matse wuyanta yadda yake, ka kuma yi alama a kan farantin da jikin inji. Ta haka taimin ba zai gushe ba. Tallafi sitatar da hannu yayin zare bol na ƙarshe, don tana da nauyi.

Zoben haƙora da awon shiga

Da ramin ya buɗe, haska ciki. Cire fulogi 4 don inji ya yi sauƙin juyawa, ka sa wani ya riƙa juya shi a hankali daga bol ɗin gaba, kai kuma kana duban haƙoran ɗaya bayan ɗaya har zoben ya zagayo. Dole a zagaya duka, saboda inji mai silinda 4 yakan tsaya ne kusan kullum a ɗayan wurare biyu da ke fuskantar juna, kuma a nan ne sitata take dukan haƙora shekara da shekaru. Sauran zoben zai iya zama kamar sabo alhali waɗannan wurare biyu sun lalace. Ɗan gogewa a bakin haƙori ba komai ba ne, ana iya share shi da ƙaramin fayil. Haƙorin da ya karye ko wanda rabinsa ya tafi kuwa yana nufin sabon zobe, kuma sai an sauke inji. Babu sitatar da za ta rufe wannan.

Masu tsohon tsari suna da ɗan sa'a a nan. M418G tana shiga haƙora ne daga ɓangaren akwatin giya, tana janyo ɗan giyanta zuwa gaba. Sabuwar tana turo nata daga ɓangaren inji, wato tana cin gefen haƙoran da ba a taɓa amfani da shi ba. Wannan gefen ba shi da fiƙar da ke sauƙaƙa shiga, amma ɗan giyan sabuwar yana da tasa fiƙar, kuma a mafi yawan motoci hakan ya wadatar.

Yanzu awo. Auna daga fuskar da sitata take zama zuwa fuskar zoben haƙora. Sannan a jikin sabuwar, auna daga fuskar ɗaurinta zuwa bakin ɗan giya yana hutawa. Bambancin shi ne tazarar da ke tsakaninsu, kuma abin nema shi ne kamar milimita 2 zuwa 3. Idan ta yi ƙasa da haka, ɗan giyan zai iya gogar zoben inji yana gudu, sai a sa siririn faranti a tsakani, wanda wasu masu ƙerawa suke haɗowa a kwali. Idan ta yi yawa, zai kama bakin haƙora kawai ya gutsure su. Janyo ɗan giyan waje da hannu har iyakarsa ka sake aunawa: ya kamata ya rufe aƙalla kashi biyu cikin uku na kaurin zoben. Hanya mai sauƙi ta tabbatarwa ita ce a shafa wa haƙoran ɗan giyan tawadar alƙalamin maka, a ɗaura, a juya inji sau biyu ko uku, a cire a ga inda makar ta goge. Ƙarin minti 20 ne, kuma ya fi sauke inji sauƙi nesa ba kusa ba.

Yawancin sababbin suna da fuskar ɗauri mai ramuka da yawa, wadda ake iya juyawa. Gwada sitatar a wurinta ba tare da ka matse ba, ka ga inda jikinta ya fuskanta. Kada ta taɓa bodi, ko tiyon kuloci, ko sandar sitiyari a motocin da sitiyarinsu yake dama. Bar tazarar kamar yatsa guda, domin inji yana rawa a kan ƙafafunsa. Idan ka juya fuskar, sa wa sukurorinta ɗigon gam ɗin zare kafin ka matse. Kankare fuskar farantin inji har ƙarfe ya yi haske, babu fenti babu mai, don ta nan wuta take komawa. Sa bol biyun da hannu tukuna, sannan ka matse su bi da bi zuwa kusan Nm 40 a sifana mai auna ƙarfin matsewa, sai dai idan takardar mai ƙerawa ta faɗi wani abu daban. Duba tsawonsu kuma: idan fuskar sabuwar ta fi ta tsohuwar siranta, bol zai iya zarcewa ciki.

Wayoyi

Launukan wayoyin motocin Ingila na wancan zamani suna da tsari. Ruwan ƙasa wuta ce kullum daga batir. Fari wutar makulli ce. Fari mai ratsin ja shi ne umarnin tada sitata. Baƙi at ne.

A motar 1968 zuwa sama aikin kai tsaye ne. Babbar wayar batir da wayoyi masu ruwan ƙasa duk suna hawa babban bol ɗin jan ƙarfe na sabuwar sitata. Idan masu ruwan ƙasan suna da bakin turawa, yanke ka sa musu zobe mai ramin milimita 8, a matse shi da abin matsewa na gaske. Duk wutar motar da cajin altaneta ta nan suke bi, don haka sako-sako a wannan wuri yana kashe mota gaba ɗaya. Notin kada ya wuce kusan Nm 10. Jan ƙarfe ne mai laushi, kuma idan bol ɗin ya juya a ciki, ya karkatar da mahaɗar solenoyid. Siririyar wayar umarni tana zuwa ƙaramin bakin. Rufe babban bol ɗin da hular roba.

A tsohon tsari hanya biyu ce. Ta farko, a bar tsohon solenoyid yana aikinsa, a kawo babbar wayarsa zuwa sabuwar sitata, a haɗa babban bol da ƙaramin bakin da guntuwar waya. Tana da sauƙi, kuma cikin bonet yana zama kamar na asali, amma wuta tana ratsa mahaɗa biyu, ɗaya daga ciki tsohuwa. Ta biyu ita ce mafi inganci: haɗa manyan wayoyi biyun a kan bol ɗaya na tsohon solenoyid, ya zama mahaɗa kawai, sannan a kai umarnin makulli zuwa ƙaramin bakin sabuwar. A wannan hanya babbar wayar tana da wuta kullum, don haka a ɗaure ta nesa da duk abin da zai goge ta.

Solenoyid ɗin sabuwar yana fizgar amp 30 zuwa 40 a ƙiftawar farko kafin ya sauka. Motocin shekarun 1970 suna da rile, wato ƙaramin makunni da siririyar wuta take kunnawa, da ke ɗaukar wannan nauyi. Na kafin nan ba su da shi, kuma tsohon makulli ba zai daɗe yana jurewa ba. Sa rile mai amp 40: bakinsa mai lamba 30 daga waya mai wuta kullum ta cikin fiyus, 87 zuwa ƙaramin bakin sitata da waya mai kaurin murabba'in milimita 2.5, 86 daga fara mai ratsin ja, 85 zuwa bodi. Idan motarka mai + a bodi ce, sayi rile marar diyod a ciki.

Saura tarkon motoci masu baƙin bamba na roba, daga ƙarshen 1974. Kwayil ɗinsu yana aiki ne da kusan rabin wutar batir ta cikin wata waya mai rage wuta, kuma tsohon solenoyid yana da ƙarin baki da ke ba shi cikakkiyar wuta lokacin tada inji kaɗai, ta waya fara mai ratsin kore mai haske. Sababbin sitatoci da yawa ba su da wannan baki. Idan ka bar wayar a sake, motar za ta tashi da batir mai ƙarfi amma ta yi gardama da sanyi. Idan kuma ka haɗa ta kai tsaye da wayar umarni, wutar kwayil za ta zurare ta cikin solenoyid da zarar ka saki makulli, inji ya mutu. Maganin shi ne rile na biyu: wayar umarni ta kunna shi, shi kuma ya kai wuta daga mai ruwan ƙasa zuwa wannan waya. Idan kana shakkar wane kwayil ne a motarka, auna tsakanin ƙananan bakunansa biyu: kusan om 1.5 mai buƙatar wannan tsari ne, kusan om 3 kuwa ba ya buƙata.

Gwaji da abin da sauti yake faɗa

Mayar da fulogi da distiributa, sa giya a firi, ja birkin hannu, haɗa batir. Juya inji ba tare da wutar kwayil ba tukuna, ka saurara. Sautin sabuwar siriri ne mai sauri, ba irin na Lucas ba, kuma haka yake. Ƙarar niƙa tana nufin haƙoran ba su dace ba ko shigar ba ta kai ba, sai ka tsaya nan take. Kuka mai tsini bayan inji ya tashi yana nufin ɗan giyan bai janye da wuri ba, ko tazarar ta yi kaɗan. Ƙwas guda ba juyi, wutar umarni ce ta yi rauni ko babbar mahaɗa ba ta kama ba. Ƙwas-ƙwas a jere, batir ne ko at. Moto yana gudu inji bai motsa ba, ko ɗan giyan bai kai zoben ba, ko an juya wa mai maganaɗisu wuta.

Idan inji yana juyawa yana tuƙewa kamar yana turo sitata baya, duba taimin. Wuta ce take tashi da wuri fiye da kima, kuma wannan bugun baya yana karya haƙora da kulocin cikin sitata, sabuwa ko tsohuwa. Kada ka riƙe makulli fiye da daƙiƙa 10 a lokaci guda, ka ba ta rabin minti ta huce, domin ƙaramin moto yana ɗaukar zafi da sauri. Bayan mako ɗaya ana hawa, sake bin bol biyun da notin babbar waya, ka maimaita awon faɗuwar wuta inji yana da zafi. Tsohuwar Lucas kuma ka share ta ka adana a busasshen wuri tare da bol ɗinta, domin masu sayen irin wannan mota suna tambayar kayanta na asali.